Zuwa Ga Rifkatu, Mai Tafiya Koyon Aikin Lantarki

Kafanchan, ran Alhamis da yamma.

'Yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, akwatinki bai ɓata a hanya ba, kuma waɗanda za ki zauna da su a makaranta masu hankali ne. Na ce wa Mamanki ta sa ta can ƙasan akwati, a ƙarƙashin zanen gado, don kada ki gan ta sai kin kwance kaya. Da gangan na yi haka. Akwai maganar da in ina kallon fuskarki ba za ta fito ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda sai jibi za ki tashi, kuma babu abin da ke gidan nan da ba ki sani ba. Ina zaune a bakin shagon niƙa. Ruwa ya ɗauke ba da daɗewa ba, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsun Kagoro har ba a ganin samansu, kuma babu mai kawo niƙa a irin wannan lokaci. In kin ga Hausata ta karkace, ki yi haƙuri. Da yarenmu nake tunani, amma ban iya rubuta shi ba, sai dai wannan Hausar ta coci da ta reluwe.

Na daɗe ina tunanin me zan ba ki ki tafi da shi. Na duba, na ga abin da na fi tarawa a duniya kurakurai ne. To, bari in kwance miki su ɗaya ɗaya, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai na fara ganin jirgin ƙasa. Ni da kakanki muka tako da ƙafa daga Kwoi, kowa da buhun busasshiyar citta a ka. Tun daga nesa na hango wani farin abu yana tashi bayan itatuwa, na ce, "Baba, daji ya kama wuta." Ya ce ba wuta ba ce, ƙarfen Turawa ne yake numfashi. Da muka iso tasha na sauke kaya na tsaya, na manta da yunwa, na manta da ƙafafuna. Abin yana huci kamar mai rai. A ƙofarsa akwai wani mutum, jikinsa baƙi wuluk da kwal, haƙoransa kawai ake gani. Ya ɗaga mini hannu. Daga ranar nan jikina ne kawai ya koma Kwoi. Ina noma ina jin usur ɗin jirgi a kunnena, alhali tsakaninmu da layin dogo tafiyar yini ce.

Bayan kaka na je na sami kakanki a tsakar gida. Yana zaune a kan dutse yana tsaga citta da 'yar wuƙarsa. Na ce masa zan tafi Kafanchan neman aiki. Da a nan na tsaya, da babu laifi. Amma sai na ƙara da cewa, "Baba, fartanya ta gama zamaninta. Wannan aikin naka na mutanen da ba su ga duniya ba ne."

Bai ɗaga kai ba. Ya gama tsaga wadda ke hannunsa, ya ce, "To, ka je. Amma ka wanke hannu ka ci abinci tukuna."

Ban ci ba. Na ɗauki jakata na fita, tuwon acca yana tururi a akushi.

Rifkatu, ban taɓa nadamar tafiyar ba. Maganar nake nadama, da tuwon da na bari. Kakanki ya yi shekara tara bayan wannan, na je gida sau da yawa, na kai masa gishiri da bargo da fitila, amma bai sake kira na gona ba ko sau ɗaya, ni kuma ban nemi ya kira ni ba. Abin da ya sani game da ƙasa, da irin ganyen da ake rufe kunyar citta da shi, da yadda ake gane citta ta ƙosa, duk ya tafi da shi kabari. Ke ma za ki dawo hutu da kalmomin da ba mu taɓa ji ba. Ki faɗe su, muna so mu ji. Amma in kin ga Mamanki tana hura wuta da baki, kada ki tsaya a kanta kina gaya mata yadda ake yi a Kaduna. Ki durƙusa ki tura mata itace.

Na sami aiki a loko, wato rumfar da ake kwana da kawunan jirgi ana gyara su. Na fara da kwasar toka, daga baya na zama fayaman, mai zuba kwal a tukunyar jirgi. Shekara ashirin da wani abu na yi da shebur a hannu. Ban san yadda zan kwatanta miki Kafanchan ta wancan lokaci ba. Layi uku ne suka haɗu a nan, na Fatakwal da na Kaduna da na Jos, kuma kowane jirgi sai ya tsaya ya sha ruwa. Kowane yare na ƙasar nan za ki ji shi a tasha. Mata da farantai a ka, masu lemo, masu dafaffen ƙwai, masu doya. A nan na ga Mamanki tana sayar da shinkafa da wake, ta ƙi karɓar kuɗina sai na wanke hannu. Idan muka taso da safe muka fara hawa wajen Jos, raɓa tana kan ciyawa, tururi yana komawa baya yana rufe taragai, sai in ji kamar ni nake ɗauke da mutanen nan duka a kafaɗata. Na san wuta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Daga launinta kawai nake gane ko jirgi zai hau tudu ko zai gaza.

Sai wata rana aka kawo injin dizal na farko. Muka fito duka muka kewaye shi. Ba ya huci, ba ya tururi, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, kuma direbansa ya sauko da farar riga ko ɗigon baƙi babu. Muka yi ta dariya. Bayan 'yan watanni foman, shugabanmu a loko, ya tara mu ya ce za a tura mutane kwas su koyi sabon inji, duk mai so ya karɓi takarda ya cike. Mutumin kirki ne, har ya kira ni gefe ya ce, "Bitrus, irinka ake so, kada ka bari ta wuce ka."

Kin san Baba Dauda, abokina mutumin Zonkwa. Tare muka fara kwasar toka. Ya same ni a bakin famfo ya ce, "Bitrus, mu sa suna."

Na ce, "Ni? In koma aji in zauna da yaran da na haifa? Wannan akwatin da ba ya numfashi, shekara biyu zai yi ya mutu, su dawo suna roƙon mu."

Ya ce, "In bai mutu ba fa?"

Na ce, "To ka je ka sa farar riga."

Wannan ne abin da mutane suka ji, har wasu suka yaba mini, wai ni namiji ne. Ga abin da ba wanda ya sani, har Mamanki. Na karɓi takardar. Na kai ta bayan loko inda babu kowa, na sa yatsa ina bi. Da Turanci aka rubuta ta, ƙananan baƙaƙe, ni kuwa a aji uku na tsaya. Layi na huɗu ya kayar da ni. Na karanta shi ya fi sau goma ban gane abin da ake tambaya ba. Na ninke ta na sa a aljihu, washegari na buɗe ƙofar tukunya na jefa ta tare da kwal. Turancin Dauda bai fi nawa ba. Shi sai ya ɗauki tasa ya kai wa wani malamin firamare a cocinmu, ya ce masa bai gane ba. Kullum bayan an tashi aiki yana zaune a benci da littafin yara. Ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, ya sake, ya ci.

Tsoro ne ya hana ni, 'yata, amma na sa masa rigar girman kai, kuma rigar ta zauna masa daidai har ni kaina na yarda. A makarantar nan ke kaɗai ce mace a ajinku, in ji takardarsu. Za a yi ranar da malami zai zana abu a allo, kowa ya gyaɗa kai, ke ba ki gane ba. Ki ɗaga hannu. Za su yi dariya, wataƙila su ce ai dama mace ce. Dariyar minti biyu ce. Ni da na guje mata, shekara goma ke nan ina biyan kuɗinta da raina.

Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa tura injunan kwal wani layi a gefe ana barin su. Ni aka mai da ni gadin ƙofa, daga baya na nemi a sallame ni. Amma ban iya rabuwa da wurin ba. Ran Lahadi bayan an tashi sujada, sai in ce zan je gai da mara lafiya, in zagaya in hau tsohon injina. Ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsa, wata kaza ta mai da tukunyar wurin saka ƙwai. Ina zama a mazaunina, in rufe ido, ƙamshin kwal yana nan a jikin ƙarfen. Sai in ji mun tashi, mun wuce gada, duwatsu suna matsowa, yara suna gudu a gefen layi suna ɗaga hannu. In buɗe ido in ga ƙadangare yana kallona. Na yi wata da watanni ina haka, har ran da na buɗe ido na ga Mamanki a ƙasa, da kayan cocinta, ta riƙe takalmanta a hannu saboda laka.

Ta ce, "Baban Rifkatu, wannan ne mara lafiyar?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "Ya riga ya mutu. Sauko mu je gida."

Abin da za ki koya yanzu sabo ne, yana walƙiya, amma shi ma zai tsufa, kuma na ga alama abubuwan yanzu sun fi na da saurin tsufa. A 'yan shekarun nan kaɗai an canza mana kuɗi, an canza hannun da mota take bi a titi, rediyon da sai mutum biyu ke ɗauka ya koma shiga aljihu. Ki so aikinki, amma kada ki ba wa ƙarfe ɗaya zuciyarki duka. Ki nemi sanin dalilin da ya sa abu yake aiki, shi ne zai bi ki in an canza akwatin.

Da kuɗin sallamata na sayi injin niƙa. A nan ma na yi kuskure, har biyu a jere. Na farko, na ce a bakin tashar jirgi zan kafa shi. Mamanki ta ce, "Ka fita ka duba ƙafafun mutane. Tunda aka zuba kwalta a hanya, kowa tashar mota yake nufa. Ni ma can zan mai da tukunyata." Na ce mata garin nan reluwe ce ta haife shi, kuma a bakin reluwe zai mutu. Ta kwashe tukwanenta ta tafi. Ni na zauna damina guda da rani guda a inda zan riƙa jin jirgi yana wucewa, wata rana mudu biyar na dawa kawai nake niƙawa. Can kuwa manyan motoci suna shigowa daga Kwoi da Zonkwa da Gwantu, shinkafarta tana ƙarewa kafin azahar. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Ta dai riƙa dawowa da yamma tana ba ni labarin wani fili da ke bayan rumfarta, wai babu kowa a wurin, wai akwai inuwar mangwaro. Sai da ta ba ni labarin filin nan ya kai sau ashirin kafin na nemi amalanke.

Na biyu, injin niƙan nan da dizal yake aiki. Kin ga yadda Allah yake abinsa. Na ce ai wanda ya riƙe jirgi ba ƙaramin inji ne zai gagare shi ba, don haka ban tambayi kowa ba. Ban san ana canza baƙin mai ba, ni dai in ya ragu in ƙara. Wata safiya yana cikin aiki ya yi wata irin ƙara, ya tsaya cak, mata shida suna layi da kwanukansu. Na juya hannun tayar da shi, ko motsi. Kwana huɗu ina zagaya shi. A na biyar na sa hula na tafi kwatas ɗin reluwe na ƙwanƙwasa ƙofar Dauda, wanda na yi shekaru ina gaisawa da shi daga nesa.

Ya zo ranar hutunsa da jakar sifanu. Na shirya jin magana, na ma shirya amsa. Ya tuɓe riga, ya zauna a ƙasa, ya kwance kan injin, ya miƙo mini wani ƙarfe ya ce, "Riƙe mini wannan. Ka san sunansa?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya faɗa mini. Ya ɗauko wani. Haka muka yi har rana ta karkata, yana tambaya ina cewa ban sani ba. Kwas ɗin da na ƙi zuwa a kan benci, na yi shi a kan ƙasa ina da shekara hamsin, kuma babu abin da ya ragu a jikina. Ki riƙe abokan da suka wuce ki. Kada ki guje su don sun wuce ki, ba su ne suka yi miki laifi ba.

Yanzu na zo kan wanda ya fi nauyi a cikin na aiki. Da injin ya zauna a tashar mota, kasuwa ta buɗe. Tun safe ake layi. Na ji daɗi, na sayi sabuwar hula, na fara tafiya kamar da. Ban tambayi kaina ba, wannan hatsin da ake kawo mini, wa yake daka shi kafin in zo?

Kin san Mama Kande, amma ba ki san yadda muka fara ba. Mijinta ya rasu tun kina goye, kuma da turmi ta riƙe 'ya'yanta. Ita da wasu mata bakwai su ne masu yi wa masu abinci da matan ma'aikata daka da surfe. Wata rana da rana tsaka, layi ya ragu, ta zo ta tsaya a ƙofar shago. Babu kwano a hannunta. Ta daɗe tana kallon bel ɗin injin yana juyawa.

Ta ce, "Ɗana, injin nan naka ba ya gajiya?"

Na ce, "Ba ya gajiya, Mama."

Ta ce, "Ni ma ban gaji ba. Amma sati uku ke nan ba wanda ya kira ni."

Na ce, "Zamani ne, Mama. Ba ni na kawo shi ba."

Ta kalle ni, ba da fushi ba. Ta ce, "Na ɗauka kai ka san ɗacin wannan magana." Ta juya ta tafi a hankali.

Ranar ban iya cin abinci ba. Na gaya wa Mamanki, ina jira ta ce ba laifina ba ne. Ba ta ce ba. Sai ta tambaye ni, "Injinka ya iya tsaga citta?" Na ce a'a. Ta ce, "Ya iya surfa acca ya fitar da yashi?" Na ce a'a. Ta ce tana ganin 'yan kasuwa a tasha suna sayen ɗanyar citta da arha, su kai wani gari a tsaga a shanya, alhali ga hannuwa a nan suna zaune, ga rana, ga fili a bayan shago.

Haka muka fara. Na hau mota na tafi Kwoi, na tsaya a gonar kakanki da ƙanena yake nomawa, na roƙe shi ya riƙa aiko mana da citta kai tsaye, shi da maƙwabtansa. Matan suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro. Suna tsagawa, suna shanyawa, wadda ta karye ni kuma in niƙa ta gari, masu shayi da masu kunu da masu yaji suna saye. Mama Kande ce ta koya mini riƙon wuƙa. Na yanke yatsa sau uku a rana ta farko, tana dariya tana cewa, "Kai ɗan Kwoi ne kuwa?" Ba zan ɓoye miki ba, ba duka aka gyara ba. Biyu daga cikin matan sun riga sun koma ƙauye kafin in farka, ɗaya kuma ta ce ba za ta zauna a inuwar injin da ya kore ta ba. Har yau in mun haɗu a kasuwa tana amsa gaisuwata da ka kawai. Tana da gaskiyarta.

Duk wayar da za ki ja, akwai wanda za ta raba da abincinsa. Mai sayar da kananzir, mai gyaran fitila, mai ɗebo ruwa. Ban ce ki fasa ja ba. Na ce ki san sunansa, ki je ki zauna da shi tun kafin ya zo ƙofarki, ku duba tare ko akwai abin da hannunsa ya iya wanda wayarki ba ta iya ba. Sau da yawa akwai. In babu, ko kallon idonsa ki yi, kada ki ce masa zamani ne.

Garin nan bai mutu ba kamar yadda na yi zato. Ya dai juya fuskarsa daga layin dogo zuwa titi. Samarin da suka tafi birni wasu sun fara dawowa da babur, suna neman gonakin iyayensu. An buɗe wurin faci, an buɗe wurin cajin batir, wani ya sayi injin walda ya rufe shi da buhu yana jiran wuta ta iso layinsu. Wani lokaci in na kashe inji, kunnena yana sauran ƙara, nakan jingina da bango in ga abin da bai zo ba tukuna. Ina ganin wutar da ke kwatas da asibiti ta fita ta bi hanya, sanda bayan sanda, ta hau Zonkwa, ta gangara Kwoi, ta kai Gwantu. Ina ganin wani dogon ɗaki mai ɗumi inda citta za ta bushe ko ana ruwan sama, ba sai mata sun yi ta gudu da tabarmi in hadari ya taso ba. Ina ganin ta fita garin nan a gwangwani, da sunan ƙasarmu a jiki, har wani a bakin teku ya buɗe ya yi atishawa. Wataƙila ba zan gani da idona ba. Amma ƙamshin yakan zo mini sosai har in waiga.

Saura ɗaya, kuma saboda shi ne na ɗauki alƙalami.

Kin tuna lokacin da kike jiran amsar makaranta. Kullum in na dawo kina tare ni a ƙofa, "Baba, an buɗe akwatin gidan waya?" Ni kuma ina cewa, "An buɗe, babu komai." Rifkatu, akwai. Ni nake riƙe da mabuɗin akwatin cocinmu na gidan waya, kuma takardarki ta zo tun ran Talata ta farko. Na ga hatimin makaranta, na ɗaga ta a rana na ga inuwar rubutun, na san an ɗauke ki. Na sa ta a aljihun kwat ɗina na zuwa sujada. Kwana goma sha ɗaya ta yi a wurin. Na tsaya da ita a gaban ikilisiya ran Lahadi na yi addu'a, tana ƙirjina.

Na tara wa kaina dalilai. Wai mace ba ta hawa sandar wuta. Wai mutane za su yi da mu. Wai aikin koyarwa ya fi miki kwanciyar hankali, kuma ga makarantarsa nan kusa. Na ga kina ramewa, kin daina waƙa in kina shara, na ce zai wuce.

Mamanki ce ta same ta da za ta wanke kwat ɗin. Na dawo cin abincin rana na tarar da ambulan a gefen kwanona, ta sa dutsen guga ta miƙar da shi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai za ka ba ta, ba ni ba. Kuma kafin ka sa hannu a tuwon nan." Na kira ki na ce yanzu ta iso. Wannan ƙarya ta biyu ke nan. Kika yi tsalle, kika rungume ni, kika ce addu'ata ce Allah ya ji. Kwana uku ya rage a rufe karɓar amsa. Da ba a yi wanki a makon nan ba, da yanzu ba ki da akwatin da za ki kwance.

Dalilan nan duka ba su ne ba. Ke kaɗai Allah ya bar mana cikin huɗu. Na yi tunanin gidan nan da yamma, babu mai kunna rediyo, babu mai gardama da ni a kan labarai, sai na ɓoye takardar. Don kaina na yi, ba don ke ba. Na roƙi gafarar Ubangiji, na roƙi ta Mamanki. Taki ce ta rage, kuma ba na so ki ba ni ita da sauri don ni ubanki ne. Ki ɗauki lokacinki.

Abin da zan ce a kan wannan kaɗan ne. Wanda zai tare miki hanya ba kullum maƙiyi ba ne. Wani lokaci mai ƙaunarki ne, kuma zai zo da dalilai masu kyau. Ki saurare shi da ladabi, ki ci gaba da ƙaunarsa, amma ki bincika da kanki. In kin gama karatu, in akwai aikin da zai riƙe ki a nan, ki dawo, ƙasar nan tana bukatar hannunki. In babu, kada ki dawo saboda ni.

Hadari ya sake haɗuwa ta gabas, matan suna kira in zo mu kwashe shanyar da suka sake bazawa. Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a mota, ya tsare ki a aji, ya tsare hannunki duk ranar da zai taɓa waya. Ya ba ki abokai masu tsoronsa da malamai masu haƙuri. Ki nemi coci tun Lahadin farko, ki ci abinci ko ba ki jin yunwa, kada ki taɓa komai da jiƙaƙƙen hannu. Alherin Ubangijinmu Yesu ya kasance tare da ke. Amin.

Ki rubuto mini. In kina fushi, ki rubuto da fushin, zan karanta har ƙarshe.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus.